Tafiya ƙasar waje da juna biyu: tambayoyin da mata ke yawan yi da amsoshinsu

Masu juna biyu da ke shirin tsallake iyaka iri-iri ne. Akwai mai niyyar Umara, akwai 'yar kasuwa mai saro kaya a Dubai ko Alƙahira, akwai mai bin maigida ƙasar da yake karatu ko aiki, akwai kuma wadda ke zaune a Ingila tana son zuwa Kano bikin ƙanwarta. Duk da haka tambayoyinsu kusan ɗaya ne. Amsoshin da ke ƙasa za su taimaka miki ki san abin da za ki tambaya, amma hukuncin ƙarshe yana hannun likita ko ungozomar da ta san katin awonki.

Mai ciki za ta iya hawa jirgin sama kuwa?

Za ta iya, matuƙar cikin lafiyayye ne kuma bai tsufa sosai ba. Hawa jirgi shi kaɗai ba ya jawo ɓari, ba ya fasa faya, ba ya tayar da naƙuda. Iskar cikin jirgi ta ɗan fi ta ƙasa ƙarancin ƙarfi, kamar ta wanda ya hau tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma jikin mace mai isasshen jini yana ɗaukar wannan ba tare da ɗan cikin ya wahala ba.

Abin da ke da haɗari shi ne matsala ta same ki nesa da asibitin da ya san ki, a garin da ba ki jin yarensu, ba ki san kuɗin gadonsu ba. Kusan duk sauran amsoshin nan a kan wannan suke.

Wane lokaci ne ya fi dacewa in yi tafiyar?

Tsakanin sati na 14 da na 28, wato daga shiga wata na huɗu zuwa cikar na shida da 'yan kwanaki. A lokacin laulayi ya lafa, ƙarfi ya dawo, nauyi bai yi yawa ba. Yawancin ɓari a watanni ukun farko yake faruwa, ko an yi tafiya ko ba a yi ba, sai dai ba wadda za ta so ya same ta a ɗakin otal. Daga sati na 28 kuma hawan jini na ciki da naƙudar bakwaini ke ƙara kusantowa.

In tafiyar ta kama dole tun cikin yana ƙarami, ki yi sikanin kafin ki tashi, a tabbatar a cikin mahaifa ya zauna. Cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan fashe ba sanarwa, jini ya zuba a ciki, kuma aikin gaggawa ne kawai ke ceton rai.

Ni da wata nake lissafi, su kuma sai su ce sati nawa. Zuwa yaushe suke ɗaukar mai ciki?

Kamfanonin jirgi da sati suke aiki, kuma ana ƙirga shi ne daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, cikakken ciki sati 40. Takardar sikanin, musamman wadda aka yi da wuri, ita ce ta fi nuna gaskiyar lissafin. Yawancin kamfanoni suna ɗaukar mai ɗa ɗaya har zuwa wajen sati na 36, mai tagwaye kuma zuwa na 32. Daga wajen sati na 28 da yawansu suna neman takardar likita mai ɗauke da yawan satin, ranar da ake sa ran haihuwa, ɗa ɗaya ne ko fiye, da shaidar cewa babu matsala. Kowane kamfani da nasa ƙa'idar, har da tsawon kwanakin da takardar ke aiki, don haka a tambaye su kafin a biya kuɗin tikiti. In za ki yada zango ki canza jirgi a Adis Ababa ko Alƙahira ko Istanbul, a duba ƙa'idar kowane jirgin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafi da ranar tafiya. Ranar dawowa za ki duba. Wadda ta tashi da sati 30 za ta yi wata guda da rabi, ranar komowarta tana sati 36, wataƙila an rufe mata ƙofa. Ki kuma bar sarari na sati biyu ko uku, don jirgi yana iya ɗaga tashi, kaya suna iya makara.

Hijabina yana rufe cikin, ba mai ganewa. Dole ne sai na faɗa?

Ki faɗa, don Allah. Mun taso da alkunyar ciki, musamman na fari, har wata sai ta kusa tafiya goyon ciki maƙwabta ba su sani ba. Wannan kunya tana da wurinta a cikin gida, amma a bakin kantar jirgi ko gaban ma'aikacin rigakafi cutarwa take yi. Wanda bai san kina da ciki ba zai iya yi miki allurar da ba a yi wa masu ciki, ko ya miƙo miki maganin da bai dace ba. In kika yanke jiki kika faɗi a jirgi, ma'aikatan za su ɓata mintuna masu tsada suna neman abin da ke damunki. Inshora kuma takan ƙi biya in ta gano an ɓoye mata.

Ga yadda abin ke kasancewa in an ɓoye: mace ta wuce lafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, ta yi satuttukanta, ranar dawowa ma'aikaciyar kanta ta dubi tafiyarta da yadda take dafe ƙugu, ta nemi takardar likita. Babu. Jirgi ya tashi ya bar ta da akwatuna, biza na gab da ƙarewa, kuɗin guziri ya tafi a tsaraba. In faɗin da baki ne ke miki nauyi, ki miƙa takardar kawai, ko maigida ko 'yar rakiyarki su yi magana. Aƙalla mutum ɗaya da ke tare da ke ya san satin cikin da inda katin awon yake.

Su wane ne bai kamata su yi tafiyar ba?

Wadda ke ganin jini. Wadda aka ce mabiyiya ta sauko ta tare bakin mahaifa. Mai hawan jini na ciki, ko wadda ta taɓa yin jijjiga. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko aka ɗaure mata bakin mahaifa. Mai ciwon zuciya ko na huhu mai tsanani, da mai ciwon suga da bai daidaita ba. Mai ƙarancin jini sosai ma haka: likitocin mata a Birtaniya suna hana hawa jirgi in ma'aunin jini na haemoglobin (Hb) ya gaza 7.5.

Masu sikila sai an yi takatsantsan na musamman, domin ƙarancin iska da ƙishirwa da sanyin jirgi duk suna tayar da ciwon, kuma wadda ciwon ya tasar mata kwanan nan ba ta hawa. Wadda aka taɓa yi wa aiki a haihuwar baya ba a hana ta ba, amma ta tabbata inda za ta akwai asibitin da ke yin tiyata dare da rana.

Waɗanne takardu da kaya zan riƙe a hannu?

Katin awo, takardun sikanin, sakamakon gwajin jini da rukuninsa, takardar likita, katin rigakafi, da takardar inshora. Ki ɗauki hotonsu a waya, ki tura wa maigida. In rukunin jininki mai alamar ragi ne, ki tambaya ko allurar da ake yi wa irinku a wajen sati na 28 za ta faɗo cikin kwanakin tafiyar. Magungunan ƙarin jini da duk wanda aka ɗora ki a kai su zauna a jakar hannu, cikin kwalinsu na asali, da ƙarin na 'yan kwanaki. Akwatin da aka auna yakan yi nasa balaguron.

Ƙafafuna suna kumbura in na daɗe a zaune. Me zan yi a cikin jirgi?

Kumburin ƙafa biyu daidai wa daida abu ne da aka saba gani. Abin tsoro shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ciki da kansa yana sa jini saurin daskarewa, zaman da ya wuce awa huɗu kuma yana ƙara haɗarin. Daga Kano zuwa Jidda kusan awa biyar ne, daga Abuja zuwa Landan ya haura shida.

Ki nemi kujerar bakin hanya. Ki riƙa tashi kina takawa duk bayan rabin awa ko awa guda, a zaune kuma ki riƙa juya idon sawu kina ɗaga yatsu. Ki sayi doguwar safa mai matse ƙwauri a babban kemis, a auna miki daidai ƙafarki. Ki sha ruwa sosai. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa don gudun yawan zuwa banɗaki a gaban mutane, alhali tashin nan ma magani ne. Bel kuma a ƙarƙashin ciki ake ɗaura shi, a kan ƙugu, kuma ki bar shi ɗaure duk lokacin da kike zaune. In kin taɓa samun daskarewar jini, ko kina da ƙiba sosai, ko sikila, likita zai iya rubuta miki allurar tsinka jini ta ranar tafiya da 'yan kwanaki bayanta. Kada ki sayi asfirin da kanki ki ce ya wadatar.

Na'urar bincike ta filin jirgi ba ta taɓa ɗan ciki?

Ba ta taɓawa. In hankalinki bai kwanta ba, kina iya neman ma'aikaciya mace ta bincike ki da hannu.

Allurar shawara da ta sanƙarau fa? An ce sai da su za a shiga wasu ƙasashe.

Allurai iri biyu ne: masu rayayyen ƙwayar cuta da aka raunana, da waɗanda babu rai a cikinsu. Ta shawara tana cikin kashin farko, shi ya sa ake kauce mata ga mai ciki sai in haɗarin kamuwa ya rinjaya. Albishir a nan shi ne tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shaidar allurar shawara ta har abada, ba ta shekara goma ba. In an taɓa yi miki kuma kina da katin, ba kya buƙatar sabuwa. In ba a taɓa ba, likita zai iya rubuta takardar uzuri, sai dai ki bincika tun da wuri ko ƙasar da za ki tana karɓarta. Allurar ƙyanda da ta ƙarambau ma ba a yi wa mai ciki.

Ta sanƙarau, wadda Saudiyya ke sharɗantawa ga mahajjata da masu Umara aƙalla kwana goma kafin isowa, ba rayayya ba ce, ana yi wa mai ciki in akwai buƙata. Haka ta mura da ta tetanus. Rigakafin shan inna yana da na ɗigawa a baki da na allura, ki faɗa musu kina da ciki su zaɓa miki. Abin da bai kamata ba sam shi ne sayen kati a bayan fage ba tare da allura ba.

Na biya kujerar Hajji sai ciki ya ɓulla. Ko kuma Umara nake son zuwa. Yaya ke nan?

A Najeriya Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ba ta barin mai ciki ta tafi Hajji, kuma hukumomin jihohi suna yin gwajin ciki kafin tashi. Saudiyya ma ta sa masu tsohon ciki da masu ciki mai haɗari cikin waɗanda ba ta yarda su zo ba. Wasu suna neman hanyar kauce wa gwajin, har da kai fitsarin wata. Wannan ganganci ne da rai biyu. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Ga tafiyar ƙasa tsakanin Mina da wurin jifa, ga cunkoso, ga layin banɗaki. Hajji wajibi ne a kan mai iko, lafiyar jiki kuma tana cikin ikon. Ki je hukumar jiharku ki nemi a ɗaga miki kujerar.

Umara ta fi sauƙi domin ke ke zaɓar lokaci. Ki zaɓi watannin sanyi, a tsakiyar ciki kamar yadda aka faɗa a amsa ta biyu, ki guji goman ƙarshe na azumi da turmutsutsinta. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi, don haka hawa keken turawa ko motar lantarki ta cikin Harami ba gazawa ba ce. Kada ki kutsa wajen Hajarul Aswad. Ki nemi masauki kusa ko da ya fi tsada, ki fita da dare ko da sassafe, ki sa takunkumi a cikin taro saboda tarin da kowa ke dawowa da shi. In Ramadan ne, matafiyi da mai ciki duk an yi musu sassaucin ajiye azumi. In kuma kika ga jini, malamai sun saɓa kan hukuncinsa, Malikiyya na iya ɗaukarsa haila, wasu mazhabobin kuma jinin ciwo. Asibiti za ki fara zuwa, fatawa ta biyo baya.

A Turai nake zaune, ina son zuwa gida da cikin. Ai ni 'yar gida ce, sauro ya san ni.

Ya manta ki. Ɗan juriyar da jiki ke samu daga yawan cizon sauro tana gushewa in mutum ya daɗe a ƙasar da babu cutar, ciki kuma yana ƙara raunana ta. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki yana jawo ƙarancin jini, ɓari, haihuwar bakwaini, har da rasa uwa. Shi ya sa likitocin can ke ba da shawarar a ɗaga irin wannan tafiya in da hali, musamman daga damina zuwa kaka.

In ba makawa, ki je asibitin matafiya satuttuka kafin tashi. Ba kowane maganin kariya ne ya dace da ke ba: doxycycline da primaquine ba a ba mai ciki, mefloquine ne aka fi rubutawa, kuma ana fara shi tun kafin tafiya. Fansidar da ake ba mata a wurin awo a Kano ko Maraɗi tsari ne na mazauna, bai isa kariya ga baƙuwa ba. Ki kwana a gidan sauro mai magani, ki shafa maganin korar sauro, ki rage hirar tsakar gida bayan magariba. Duk zazzaɓin da ya zo miki, a gida ko bayan kin koma, ko da watanni sun wuce, a gwada jini a ranar, ki kuma gaya musu inda kika je.

Na ji ana maganar Zika. Ta shafi masu zuwa Indiya?

Zika cuta ce da sauron da ke cizo da rana yake yaɗawa. Ga babba sau da yawa ba ta nuna komai, amma tana iya hana ƙwaƙwalwar ɗan ciki girma, a haife shi da ƙaramin kai. Duniya ta farga da ita ne a annobar Burazil ta 2015 zuwa 2016, kuma ta ɓulla a wasu jihohin Indiya, ciki har da Kerala a 2021. Ba ta da allura. In ana fama da ita a garin da za ki raka mara lafiya, a nemi wata ta raka shi. Tana kuma bi ta saduwa, don haka maigidan da ya dawo daga irin wurin ya yi amfani da kwaroron roba har matarsa ta sauka. Irin wannan sauron ne ke kawo zazzaɓin dengi, wanda ake samu a Jidda da Makka.

Me zan ci, me zan sha, wane magani zan guje wa?

Ruwan roba mai rufaffen murfi, abinci mai zafi da aka dafa yanzu, 'ya'yan itacen da kika ɓare da hannunki. Ki bar ƙanƙara, da naman da bai dahu ba, da ɗanyen kifi, da cuku ko madarar da ba a tafasa ba. Ɗanyen nonon raƙumi da ake tallarsa a gefen hanya a Saudiyya yana ɗauke da haɗarin cututtuka, ciki har da cutar numfashi ta MERS da aka gano a can a 2012. In gudawa ta kama ki, ki fara da ruwan gishiri da suga na leda. In akwai jini ko zazzaɓi, ko amai ya hana ruwa zama, sai asibiti.

Don ciwon kai ko na jiki farasitamol ya isa. Ibuprofen da diclofenac a bar su, balle a rabin ƙarshe na ciki. Tramadol da kodin, ban da illarsu ga ciki, suna iya kai mutum kurkuku a Masar da Saudiyya da Daular Larabawa in babu takardar likita. Saƙon ƙullin magani da wata za ta ba ki ki kai wa 'yar'uwarta, ki ba ta haƙuri.

Tafiyar mota zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Kwatano ma ta shiga wannan lissafi?

Ta shiga, wani lokacin ma ta fi jirgi wuya, domin direban haya ba ya tsayawa don ke. In da hali ki biya kuɗin kujera biyu ko ta gaba, ki sa bel, ɗaya a ƙarƙashin ciki, ɗaya tsakanin nonuwa. A tsaya duk awa biyu ki taka. Ki guji tafiyar dare, ki kuma san garuruwan da ke da babban asibiti a kan hanyar. Abin da aka faɗa kan daskarewar jini da katin shawara duk ya hau kan wannan.

Maiɗakina ce mai cikin, ni zan biya. Wace inshora zan saya mata?

Wadda ta rubuta ƙarara cewa tana biyan matsalar ciki, har zuwa sati nawa, da haihuwar gaggawa, da kuma jinyar jaririn. Wannan na ƙarshen ne mafi tsada kuma shi aka fi cirewa: bakwainin da zai yi satuttuka a kwalba zai iya cinye abin da ya fi kuɗin gida. Inshorar Yuro 30,000 da ake nema don bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai sau da yawa ba ta ƙunshi wannan ba. Bizar Umara tana zuwa da inshorar gaggawa, amma ka nemi wakilin da ya yi muku bizar ya nuna maka iyakarta a rubuce.

A Ingila ba a korar mai naƙuda daga asibitin gwamnati, sai dai baƙo ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin, kuma bashin Fam 500 ko fiye da ba a biya ba yana iya sa a hana biza nan gaba.

In na haihu a can, yaron zai zama ɗan ƙasar?

A yawancin ƙasashe a'a. Saudiyya da Daular Larabawa da Masar ba sa ba ɗan baƙi ƙasa don kawai an haife shi a can. Birtaniya ta daina tun 1983, Ailan tun 2005. A Amurka, tun Janairun 2020 jami'in biza yana da ikon hana bizar ziyara ga wadda ya ga haihuwa don samun fasfo ce babbar manufarta. Ƙarya a wurin neman biza kuma tana iya rufe ƙofar har abada.

Waɗanne alamomi ne za su sa in tafi asibiti nan take, kuma in naƙuda ta zo fa?

Zubar jini ko ruwa. Ciwon mara mai zuwa yana dawowa. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannu. Raguwar motsin yaro. Zazzaɓi. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, ko da sati ɗaya ko biyu bayan saukowa daga jirgi. Ko ɗaya daga cikinsu ba a jiran a koma gida da shi. Ranar da kika sauka ki tambayi asibitin haihuwa mafi kusa da masaukinki, ki adana lambar motar asibiti: 997 a Saudiyya, 998 a Daular Larabawa, 123 a Masar, 999 a Ingila, 112 a ƙasashen Tarayyar Turai. In a jirgi ne, ki gaya wa ma'aikatan tun ciwon yana farawa.

In Allah Ya sauke ki a can, a karɓi takardar haihuwa daga asibiti da ta hukumar garin, sannan a je ofishin jakadancin ƙasarku a yi wa jaririn fasfo ko takardar tafiya ta gaggawa, domin ba ya fita da fasfon uwa. A nemi ƙarin kwanakin biza kafin ta ƙare. Kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar jaririn da bai kai kwana bakwai ba sai da takardar likita, bakwaini da wadda aka yi wa aiki kuma sai likitan da ya duba su ya sa hannu kafin a sayi tikitin dawowa.